Daga Tasawa zuwa Maijirgi: shingayen da ke gaban mai son tuƙa jirgin sama

Matafiyin da ya baro Maraɗi da asuba, ya miƙi babbar kwaltar da ta haɗa Yamai da Damagaram, yakan ratsa Cadawa da Agye da Gazawa, ya shigo Tasawa hantsi bai gama ɗagawa ba. Tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, kuma da ba don shingaye ba da ta fi haka sauri. A mashigar gari direba ya rage wuta, ɗan sanda ko jandarma ya leƙo, fasinja su shiga laluben aljihu. Mai katin shaida ya miƙa, wanda ba shi da shi ya sauka ya bi jami'i zuwa rumfa, sauran mutanen mota su zauna jiransa suna ƙunƙuni. Masu bin wannan hanya sun saba da abin, har ba su lissafa shi cikin wahalar tafiya.

Tasawa garin kasuwa ne tun fil'azal. Wake da gyaɗa da bisashe suna gangarawa kudu zuwa Katsina da Kano, atamfa da robobi da kayan gyaran mota suna haurowa, ƴan canji kuma na zaune da sefa a hannun dama, naira a hagu. Sai dai garin na da wani suna da ba a kiransa da shi a kasuwa. A kundin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, Tasawa na da lambarta ta haruffa huɗu, DRRA, kamar yadda Yamai ke da DRRN, Maraɗi DRRM, Damagaram DRZR. Lambar ƙaramin filin sauka ce, wanda babu jirgin fasinja da ke da zango a cikinsa. Jiragen da yaran Tasawa suka sani su ne masu wucewa can ƙololuwa tsakanin Turai da biranen kudu, suna jan farin zare a baya. Ko su ma sun ɗauke ƙafa wata guda cur a 2023, daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, lokacin da hukumomin soja suka rufe sararin samaniyar ƙasa.

Cikin yaran da ke ɗaga kai su bi farin zaren nan da ido, ba a rasa wanda zai ce a ransa shi ma wata rana. Uban irin wannan yaro, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya kamata ya san ƙofa nawa ce tsakanin Tasawa da kujerar matuƙi, da kuma wanda ke riƙe da mabuɗin kowace.

Tantance baƙo dai tsohon sha'ani ne a wannan ƙasa. Fataken da, in sun sauka gari, ba su kwance kaya sai a gidan fatoma. Shi ke ajiye dukiyarsu, shi ke nemo masu saye, shi ke tsaya masu gaban sarki in magana ta taso. Baƙon da ba shi da mai gida, ko da kuɗinsa, abin tuhuma ne. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba ma kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishirin Abzinawa, bisa lamunin Annur, babban Kel Ewe. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, takardunta na cikin jakarsa, amma inuwar ayari ta fi takardun yi masa rana. Da ya bi ta Gazawa ya isa Katsina, sarkin lokacin, Muhammadu Bello, ya tsare shi kwanaki, aka yi ta kai da kawowa, aka ƙara gaisuwa bisa gaisuwa, kana aka sallame shi, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Bizar wancan zamani ke nan. A 1855 kuwa, da Barth ya tashi komawa, ya tafi da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, yaron ya shiga birnin Landan babu wanda ya tambaye shi biza, domin Ingila ba ta kafa ma baƙi shinge ba tukuna.

Gabas da Tasawa kaɗan, bisa kwaltar Damagaram, akwai garin Maijirgi. Sunan yakan sa baƙo ya zaci wani jirgi ne ya taɓa sauka wurin, alhali kuwa sunan ya girmi jirgin sama: garin na amsa shi tun kafin 1903, shekarar da ƴan'uwan nan biyu, Wright, suka fara tashi a Amurka, lokacin da jirgi a bakin Bahaushe bai wuce kwalekwale ko komi ba. Abin da ya shigar da Maijirgi littattafan tarihi wasu baƙi ne da ba su nemi iznin kowa ba. A 1899 rundunar kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙwanni. Labarin ya kai Faransa, aka aiko kanar Klobb ya karɓe ragama daga hannunsu, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu bayan haka sojojinsu baƙar fata suka yi masu bore, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburan biyu suna Maijirgi. A 1923 wani matashin kwamandan Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone su, aka tarar babu kowa ciki, abin da ya bar ma masu tatsuniya aikin yi har gobe.

Ƙasar da ta ga baƙon da ya jira izni, ta kuma ga baƙon da ya shigo da wuta, ta san dalilin tambayar mai shigowa. Ba wanda zai koya ma mutumin Tasawa amfanin shinge. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne tsawon layin da nasa ɗan zai bi in ya zama baƙo a ƙasar wasu.

A ƙaddara wani saurayi ne ɗan Korgom ko Urafan ya ci jarrabawar bak a fannin lissafi, uban kuma na da hali. Ƙofar farko tana nan cikin gunduma. Sai ya haɗa takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta shaidar rashin laifi wadda ma'aikata ke kira kaziye, sannan fasfo, wanda hukumar ƴan sanda ke bugawa a Yamai, tafiyar kusan kilomita 800. Kaziye daga kotun yankin da aka haifi mutum take fitowa, kuma wata uku ne ranta. Sau da yawa kafin wata takarda ta fito ita ta mutu, a koma baya. Babbar masifa kuwa ita ce rubutun suna. Malamin lakwal ya rubuta Mahamadou, magatakardan kotu ya rubuta Mahamane, makarantar Kano da yaron ya taɓa zama ta rubuta Muhammad. Uban Issoufou ne a wata takarda, Youssouf a wata. A Tasawa kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfutar hukumar tsaro ta wata ƙasa mutum uku take gani, kuma takardun neman izni sukan bukaci a jera duk sunan da mutum ya taɓa amsawa. Kuskuren harafi ɗaya da aka yi shekara 15 da suka wuce yana iya cinye ma yaro shekara guda ta karatu.

Bayan takardun hukuma sai na sana'ar kanta, waɗanda yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta sa suka zama kusan iri ɗaya a duniya. Likita na musamman zai auna ido da kunne da zuciya, wanda ba ya bambance launuka ya tsaya nan. Tun 2008 OACI ta wajabta ma matuƙan da ke ƙetare iyaka su kai mataki na 4 a Ingilishin rediyo, abin da ke nufin ɗan lakwal da ya yi dukan karatunsa da Faransanci sai ya sake zama ɗalibi. Lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don kai yana son awa 40 a sama, na neman kuɗi awa 200 bisa ƙa'idar OACI, na zama kyaftin ɗin babban jirgi awa 1500. Kowace awa da kuɗinta, jimilla miliyoyi gommai na sefa. Direban da ya san abin da parmi ya ci masa sai ya kwatanta.

To, ina za a je? Yamai na da babbar makarantar EAMAC, wadda hukumar ASECNA ta buɗe a 1963, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, amma masu ba jirgi hanya daga hasumiya take horarwa, da masu gyaran na'urori, da masana yanayi. Mai son riƙe sitiyari sai ya dubi waje. Mafi kusa ita ce kwalejin Zariya, wadda Najeriya ta kafa a 1964 da taimakon OACI. Daga Tasawa Zariya ta fi Yamai kusa, Hausa ake yi a kasuwarta, kuma yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza har kwana 90, mai dogon zama ya nemi katin zama. Sai dai wannan ƙofa ta sha rufewa da buɗewa: an rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, aka sake daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar kuma ta ce a ci gaba da barin mutane su wuce ba biza har sai an sake shawara. Ɗan kasuwa na iya jure irin wannan zama, ya bi ta daji in ta ƙure. Ɗalibin da karatunsa ke son wajen shekara biyu a jere, da takardun zama sahihai, ba shi da hanyar daji.

Amurka ce ta fi kowa makarantun tuƙi, ita ce kuma ta fi kowa tsananta bincike, kuma tsarinta ya cancanci a tsaya kansa, domin ya yi kama da na fatoma ƙwarai. Da fari sai makaranta wadda gwamnati ta amince mata da karɓar baƙi ta ɗauki ɗalibi, ta aiko masa takarda mai suna I-20: ta zama mai gidansa ke nan, ita za ta ba da labarinsa in ya ɓace. Ya biya dalar Amurka 350, kimanin jikka 200, kuɗin shiga rajistar ɗalibai baƙi, ya biya na neman biza dabam, ya je gaban ƙaramin jakada neman biza mai lamba M-1 ta koyon sana'a. Dole ya nuna kuɗin karatu da na ci da sha, kuma doka ta ɗauke shi mai niyyar zama can har sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo gida. Tun 2019 ana tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a Facebook da makamantansa cikin shekara biyar, a watan Yuni na 2025 kuma aka ce ɗalibai su buɗe shafukansu a duba.

Biza ta shiga ƙasa ce kawai, ba ta ba mutum iznin taɓa jirgi. Wannan izni na hannun hukumar tsaron sufuri, TSA. Ɗalibi ya aika mata tarihinsa da hoton fasfo, a ɗauki zanen yatsunsa, a gwada sunansa da jerin waɗanda ake nema. Bisa dokar da aka sabunta a 2024, sakamakon binciken na aiki shekara biyar, amma makaranta sai ta sanar da hukumar kowane sabon horo, ta kuma ɗauki hoton ɗalibin ranar da ya iso ta aika, don a tabbatar wanda aka bincika shi ne ya zo. Ko a wata ƙasa makarantar take, muddin lasisin Amurka ake nema, sai an bi ta wannan ƙofa.

Dalili kuwa sananne ne. Waɗanda suka tuƙa jiragen harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya ci rai kusan 3000, a makarantun Amurka suka koyi tuƙi, uku a Florida, ɗaya a Arizona. Wata guda kafin harin an kama Zacarias Moussaoui a Minnesota, bayan malaman makarantarsa sun yi shakkar mutumin da ke son koyon Boeing 747 alhali bai mallaki lasisin ƙaramin jirgi ba. Abin kunyar da ya fi ƙona ma hukuma rai ya zo a watan Maris na 2002: wata shida bayan harin, sai ga wasiƙun amincewa da bizar karatu ta Mohamed Atta da Marwan al-Shehhi sun iso makarantarsu ta garin Venice. Ma'aikacin da ya taɓa ganin takardar ƙarin girma ta iso bayan an yi sadakar bakwai ta mai ita zai gane yadda hakan ke faruwa. Dokar farko ta Nuwamban 2001 ta shafi jiragen da suka kai nauyin kilo 5700, aka faɗaɗa ta a 2004 ta haɗa har ƙananan.

Soja na da tasu hanya, gwamnati da gwamnati ke magana, amma su ma ana tace su. Bayan wani hafsan Saudiyya da ke horo a sansanin Pensacola ya kashe sojojin ruwa uku ranar 6 ga Disamba 2019, an dakatar da horon ɗaruruwan ƴan ƙasarsa, aka mayar da 21 gida. Wata huɗu bayan haka, a Afrilun 2020, Ouma Laouali, mace ta farko da ta zama matuƙiya a rundunar saman Nijar tun 2015, ta kammala koyon babban jirgin C-130 a sansanin Little Rock na jihar Arkansas, a farkon 2021 kuma Amurka ta miƙa ma Nijar irin wannan jirgi. Wato ƙofar ta taɓa buɗuwa ga ƴar ƙasar nan, ta shiga ta fito da abin da ta je nema.

Daga 2023 al'amura suka juya. Faransa ta daina ba da biza a Yamai a watan Agusta, ta rufe ofishin jakadancinta a farkon Janairun 2024. Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon soja a Oktoban 2023, sojojinta suka bar Yamai da Agadas a 2024. A watan Yuli na 2025 ofishin jakadancinta na Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum, ranar 16 ga Disamba kuma shugaba Trump ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga daga 1 ga Janairu 2026, aka kuma tsayar da bizar karatu, har da M-1, ga ƴan Najeriya. Yamai ta rama da hana Amurkawa biza. Hujjojin da Washington ta bayar biyu ne: ƴan ta'adda masu satar mutane a yankin, da yawan waɗanda ke shiga da biza su ƙi fita in wa'adi ya cika. Ta biyun nan tana da ɗaci, domin akwai gaskiya a cikinta. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma duk wanda ya je taro ya maƙale ya ƙara tubali bisa katangar da ƙanensa zai tarar. Amma akwai bambanci tsakanin bincike da hani. Bincike na tambayar mutum ko shi wane ne, ya ba shi damar amsawa, kamar yadda Sarkin Katsina ya ba Abdulkarim. Hani launin fasfo yake dubawa. Ƙasar da ta kashe shekara 20 tana gina tsarin auna baƙo ɗaya-ɗaya, da yatsu da hoto da kwamfuta, in ta koma rufe ƙofa ga al'umma gaba ɗaya, ita da kanta ta rage darajar ma'auninta.

Sauran hanyoyi na nan, Habasha da Afirka ta Kudu da ƙasashen Magrib da Turkiyya, wadda Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙi daga gare ta a 2022. Kowace da nata sharuɗɗa, amma babu wadda ba ta son fasfo sahihi da suna guda, kuma Afirka ta Kudu na neman shaidar rashin laifi kafin ta ba da bizar karatu. Wanda ya dawo da lasisi ma bai gama ba: sai hukumar ANAC ta Yamai ta inganta shi, sai an yi binciken halinsa kafin a ba shi katin shiga harabar jirage.

Arewa maso yamma da Tasawa, inda Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Mayahi, itatuwan goriba sun yi layi cikin kwari, mata na saƙar tabarmi da igiya da kabarsu. A ƙauyukan nan, wajen Kanambakashe da Isawan, har yanzu ana samun yaran da aka haifa a ɗaki ba a kai sunansu wurin rajista cikin wa'adi ba. Lokaci-lokaci alƙali yakan fito da magatakardansa a kafa tebur a inuwa, a yi zaman kotu na tafi-da-gidanka, a ba irin waɗannan yara takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, wadda ƴan boko ke kira jugement supplétif, galibi don jarrabawar ƙarshen firamare ta matso. Uba ya gurfana da yaro da shaidu biyu. A tambaye shi yaushe aka haifi yaron, ya ce da kaka ne, shekarar da aka yi fara, ko shekarar da kakarsa ta tafi Makka. Magatakarda ya yi lissafi da yatsu ya rubuta shekara. A da sai ya sa né vers, wato an haife shi wajajen kaza, ranar da aka zo buga fasfo kuma kwamfuta ta ƙi karɓar wajajen, a cike gurbin da 1 ga Janairu. Sannan ya ɗaga kai ya tambayi sunan yaro, ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji, ya buga hatimi, ya kira na gaba.